Dokar Masunta a Fadamar Albasa

A fadamarmu ta Badaguishiri, idan rani ya kai rani, babu ruwan da zai kai wa akuya gwiwa. Amma akwai shekarar da ƙungiyar manoman albasarmu ta sa hannu a kan dokar da ta hana kama ƙananan kifaye. Ni na buga takardar, kuma har yau idan na tuna sai in ji ɗaci a bakina.

A lokacin ina da ɗan shago kusa da kasuwa, da tebur ɗaya, da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da injin fitar da takarda. Aikina buga wa mutane takardun neman aiki da na ƙorafi. Intanet a garinmu kuwa sai ta ga dama, don haka duk abin da nake bukata sai na shiga motar Konni in nemo. In buɗe shafi a siber, wato shagon intanet, in adana shi a ɗan makullin ajiya na USB, in dawo gida in buɗe shi ba tare da rezon intanet ba. Wanda bai taɓa kwafo shafin intanet ya zuba a takardar rubutu ba bai san tarkace ba. Rubutun ba ya zuwa shi kaɗai. Yana jawo launukansa, da shuɗayen layuka masu zane a ƙasa, da jadawalin da ke tsallake gefen takarda, har da hoton tallan man shafawa. Ni dai kullum nakan tuɓe masa wannan duka, in bar kalmomin zalla, sannan in karanta in ga ko akwai abin ɗauka.

Sai wani furoje, wato shirin tallafi, ya zo da labarin zai ba ƙungiya ɗaya a yankin Illela famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Sharaɗinsu ba mai wuya ba ne: kowace ƙungiya ta kawo dokokinta a rubuce, ta nuna yadda za ta raba ruwa da wanda zai kula da famfon. A gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mahaifina ya haura sittin, ƙugunsa ya gaji, kuma da hannu yake jan ruwan da yake shayar da albasarsa. Ya riga ya gaya mana cewa idan famfon bai zo ba, ranin nan shi ne na ƙarshe da zai iya noman garkarsa, wato lambun albasarsa.

Yamma uku na yi ina zama da dattawan fadama, ina rubuta abin da suke faɗa. Ashe suna da dokarsu tun kafin a haife ni, ba a dai taɓa sa ta a takarda ba. Gwauraye mata da tsofaffi su ke fara sha da asuba. Wanda ya tafi jana'iza, maƙwabcin fangalinsa ya shayar masa. Wanda ya saci layin wani, a hana shi rijiya kwana biyu. Na juya wannan zuwa Faransanci, ya cika shafi biyu, baƙi a kan fari. Don in ga yadda ake jera babi da babi ne kawai na adano dokokin wasu ƙungiyoyi daga intanet.

Shugaban ƙungiyar kawuna ne, wan mahaifiyata. Ya yi shekaru yana bida, wato ci-rani, a bakin teku, ya dawo da tabarau, da jakar hannu, da biro uku a aljihun gaba waɗanda ban taɓa ganin ɗayansu a buɗe ba. Faransancinsa na tasha ne, mai ƙarfi a baki. Idan aka miƙa masa takarda yakan ɗaga ta sama, ya karkata kai, ya yi gyaran murya, ya ce ba laifi. Duk garin an san iyakar karatunsa manyan baƙaƙen kan takarda, amma an bar kaza cikin gashinta, saboda shi ne mai bakin shiga buro, wato ofishin manya.

Ranar da ya zo duba aikin, da mutum huɗu ya zo, don bai iya duba komai ba sai da 'yan kallo. Ya riƙe shafukana biyu da ɗan yatsa biyu, ya juya su gaba da baya, ya tambayi jama'a ko wannan abin ne za a kai gaban manya. Wai ko takardar maganin asibiti ta fi ta kwarjini. Aka yi dariya. Ana cikin haka idonsa ya faɗa kan allon ordinatar, inda na bar ɗaya daga cikin shafukan da na adano a buɗe. Kanun babinsa shuɗaye ne, da tambari a sama, da jadawali mai launi biyu, in an fitar da shi zai kai shafi goma sha wani abu.

Ya buga tebur ya ce, "Wagga ita ad doka. Ki ɗauko ta yadda take, da kalarta da komi, ki sa sunanmu."

Na ce, "Kawu, wagga ta masu..."

"Ɗiyata, ni na ga buro, ke ba ki gani ba. Manya ba su karatu, ido suka sawa. Ki yi abin da nac ce."

Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ya ƙara da cewa mace da injin rubutu sai a hankali. Aka sake dariya.

Shafin na wata ƙungiyar masunta ne a wata ƙasa mai teku. Kalma ɗaya ta rage in faɗa, kuma da na ɗaga murya na faɗe ta, da magana ta ƙare a nan. Ban faɗa ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata bari ya je ya sha kunyarsa a gaban manyan nasa. Na ja linzamin ordinatar daga sama har ƙasa, na kwafe, na zuba. Komai ya zo daram, har da layin da ke cewa a latsa nan don komawa shafin farko. Na sa injin ya nemo sunan ƙungiyarsu duk inda yake ya maye da namu. Sauran na bar shi yadda yake: faɗin idon raga, da rajistar kwale-kwale, da watannin da kifi ke ƙwai, da rabon ƙanƙara.

Da injin ya fitar da shafukan, Kawu ya shafa su kamar sabuwar shadda. Ya sa aka yi musu bango na roba. Dattawa suka zo suka dangwala yatsa ɗaya bayan ɗaya, mahaifina a cikinsu. Ina zaune ina kallo ya goge tawadar a gefen rigarsa, ya sa mini albarka. Ko a lokacin ina iya magana. Sai dai ina hango fuskar Kawu ranar da asiri zai tonu, kuma abin yana yi mini daɗi.

Na yi wa kaina dabara, wai idan aka dawo da takardar sai in fito da tawa in ceci gari. Abin da ban lissafa ba shi ne halin Kawu. Ya riƙe dosiyen, wato takardun nan masu bango, a jakarsa kwana da kwanaki yana yawo da shi majalisa majalisa, yana nuna wa mutane launi. Sai ranar da za a rufe karɓa ya kai.

Bayan sati biyu aka kira su Illela, shi da dattawa uku. Waɗanda suka je sun ce wata ma'aikaciya ce ta karɓe su da mutunci, ta ba su kujeru. Ta buɗe dosiyen ta tambaya cikin Hausa ko kwale-kwale nawa ƙungiyar take da su. Ta karanta musu babi biyu tana fassarawa. Ba ta yi dariya ba, ta dai ce babu inda aka yi maganar rabon ruwa, kuma lokaci ya wuce. Famfon ya tafi wani ƙauye wajen Tajaye, waɗanda aka ce dokarsu da hannu ma aka rubuta ta.

Kunyar da na yi wa Kawu tanadi kuwa ko inuwarta bai gani ba. Tun a mota ya fara cewa siyasa ce, an riga an sayar da famfon. Kafin sati ya zagayo rabin gari sun yarda da shi. Har yau shi ne shugaba.

Mahaifina yana cikin dattawan da suka je. Washegarin dawowarsu na kai masa fura garka, na same shi a bakin rijiya ya dafe ƙugu yana hutawa. Ya karɓi ƙwaryar ya ajiye bai sha ba.

"Kin karanta takardan nan kahin ki buga ta?"

Na ce na karanta.

"Kin san abin da ac ciki?"

"Na sani, Baba."

Ya kalli albasar. Sannan ya ce, "Shi dai kowa ya san bai iya ba. Da nid dangwala yatsa, ba don shi niy yi ba. Na ga ke kib buga ta."

Ranin da ya biyo baya ya ba maƙwabcinsa aron garkar, bai ƙara nomanta ba.