Gaisuwar Inna Kulu a Goronyo

Rara zuwa Raba

Ran Talata, ana kiran assalatu, na ɗaura rabin buhun gero bisa kekena na bar Rara. Shekarar zaɓe ce, Turawa na shirin tahiya, ƙasa ta rabu biyu: masu bin jam'iyyar sarakuna da masu bin ta talakawa. Wani falke ne ya kawo mini labari an ƙone rumbunan yayata Hadiza, wadda ke aure Goronyo. Ƙarfe bakwai na shiga Raba, na sha kunun kwabo a tsaye, na wuce.

Wurno

Saura mil uku in isa Wurno na iske samari shida sun gitta icce bisa hanya, kowa da gora.

"Kai na wa ne?" in ji babbansu.

"Na Allah."

"Kowa na Allah ne. Ina bajin jam'iyyarka?"

Na ce ba ni da shi. Sunka huda buhun da wuƙa suna neman takardun jam'iyya, sannan sunka sake ni. Ban yi mil guda ba wasu sunka tare ni, bajinsu daban, tambayarsu iri ɗaya.

Da azahar na sauka gidan abokina Sanda mahauci, nan na kwana. Muna cin tuwon dawa ya ce, "Garba, yanzu binne wuƙaƙena nake. Kullum sai an zo aro, kuma ba mai rago ko ɗaya cikinsu."

Goronyo

Laraba ƙarfe takwas na hau motar albasa, sule ɗaya har da keke. Mil ashirin, munka isa sha ɗaya. Na iske Yaya zaune kusa da tokar rumbu, mijinta na ɗaki kwance da karayar hannu.

"Yaya, Allah shi mayar da alheri. Hatsi kan dawo."

"Ba hatsi ba ne, Garba. Ba ka ji abin da Bello ya yi ba?"

"Mi ya yi?"

Bello ɗanta ne na fari, magidanci. Mutanen wani jigon ɗaya jam'iyyar, Alu, su ne sunka ƙone rumbunan. Ran Asabar da hantsi Bello da 'yan jam'iyyarsu sunka tahi ramuwa, sunka cinna ma gidan Alu wuta, suna zaton kowa na gona. Ashe uwar Alu, Inna Kulu, makauniya, tana ɗaki, wutar ta cinye ta. Ita ce ungozomar da ta yanke ma Bello cibiya. 'Yan doka sun tahi da shi Sakkwato.

Yaya ta ja mayafi. "Tashi ka raka ni gaisuwa. Kwana huɗu ina neman mai raka ni, kowa na tsoro."

Ni ma tsoron nake ji, amma na tashi.

Maza na zaune bisa tabarmi gaban bangon da ya yi baƙi. Da sunka gan mu, duk sunka juyo. Wani ya miƙe da sanda. Yaya ta durƙusa gaban Alu.

"Ni ce uwar Bello. Na zo gaisuwar Inna."

Alu ya dube ta. Can ya ɗaga ma mai sandar hannu.

"Shiga, mata na ciki," ya ce mata.

Na miƙa mai hannu bai karɓa ba, sai dai ya matsa ya bar mini gefen tabarma. Munka yi addu'a tare.

Komawa gida

Na roƙi Yaya ta biyo ni Rara. Ta ce, "In na tahi, sai a ce gudu na yi." Na bar mata geron. Alhamis na kwana Wurno, Juma'a da la'asar na iso gida lahiya. Na gode Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode ma Sanda da iyalinsa.

Innarmu tsohuwa na jirana bakin zaure. Ta tambayi Hadiza, ta tambayi rumbuna, sannan ta ce, "Bello hwa?"

"Yana Sakkwato, Inna."

Fuskarta ta washe. "Aiki ya samu?"

Na jingine keken, na durƙusa gabanta, na fara daga farko.