Ɗigo a Bayan Hannun Hagiwara

Hagiwara mutum ne da bai yarda da yabo ba. Ko matarsa ce ta ce aski ya yi masa kyau, sai ya tambaye ta me take nema. Tun yana saurayi yake haɗa matini a 'yar mashayarsa da ke wani lungu a birnin Kobe: barasar da ake kira jin mai sanyi, da 'yar giyar bamut don ƙamshi, ya juya su da dogon cokali cikin ƙanƙarar da ya sassaƙa da kansa. Kafin ya miƙa, sai ya ɗiga a bayan hannu ya lasa, kamar yadda masu sana'ar suke yi.

To, tun da ya tashi daga wata muguwar mura, ɗigon nan ya zama ruwa a bakinsa. Bai gaya wa kowa ba. Tsoro ya cika shi, don ya san ranar da harshensa ya mutu, shagon ya mutu. Sai ya koma leƙen fuskokin masu sha. Mutanen garin kuwa ko ruwan wanke-wanke ka ba su, sai sun rusuna sun ce ya yi daɗi. Ladabin nan ya fara ba shi haushi. Me ya sa wancan ya bar rabi? Me ya sa wannan ya nemi ruwa?

Sai ya ɗana wa Nonomura tarko, wani tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa da ke fara shigowa kullum da yamma, wanda bakinsa ba linzami. Da gangan ya kwarara bamut ba awo. In tsohon ya yamutse fuska, ke nan na sauran ranakun lafiya lau suke.

"Maigida, yau ka kafa mini ido kamar na sace maka cokali," in ji Nonomura.

"Sha dai, dattijo, ka rage surutu."

Nonomura ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Kai, madalla! Hannunka ya dawo. Wata da watanni kana ɗura mana mai ƙona maƙogwaro, har ni na kasa faɗa maka. Ƙaro mini irinsa sak."

Hagiwara ya rusuna ya yi godiya. Ya ɗauki kwalbar bamut, ya tsaya riƙe da ita, don bai san iya abin da ya zuba ba.