Gwaggo da Fumfunar Masaƙa

A danginmu idan ana maganar tsafta, da Gwaggo ake misali. Ita ce yayar mahaifinmu, mace gajeriya mai saurin tafiya, wadda ko baƙunta ta je sai ta leƙa ƙarƙashin gado. Shekara goma sha tara ta yi tana shara da goge-goge a masaƙa, a ɗakin baya inda ruwan rini ke taruwa kafin a sake shi kwata. Da launin kwatar take gane yadin da ake rinawa a ciki.

Wata shekara ta ɗauki hutun kwana goma don jinyar ƙanwarta. A bayanta aka kawo wata matashiyar injiniya, ta jera tankuna uku a ɗakin, ta zuba dusar katako, ta rena wata farar fumfuna a kai. Ba wanda ya tuna ya gaya wa mai shara.

Ranar da Gwaggo ta dawo, ita ta fara shiga. Ta ɗaga murfin tanki, wari ya doke ta, ga abu fari buzu-buzu kamar auduga.

"Kwana goma kacal, har sun mai da min ɗaki juji?"

Ta ɗaura zani, ta kankare tankunan tas, ta bi su da bilic, maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Tana goge na ƙarshe Injiniya ta shigo, ta dafe kai.

"Inna! Ina fumfunata?"

"Au, taki ce? To 'yar nan, ki gode wa Allah ni na gani, ba uwar mijinki ba."

Injiniya kamar ta yi kuka. Ta ce fumfunar nan ita ke cinye launin rini. Daga nan ruwan ya bi ta wani bututu mai matata siririya kamar takarda, ta tare abin da ya rage. Idan babu fumfuna, rini toshe matatar zai yi cikin yini guda. Da labari ya kai ga Manajan masaƙar kuwa, bai ja zance ba. Ya ce masu duba ruwa na zuwa nan da mako uku, in ruwa ya fita da launi, Inna ta ajiye tsintsiyarta.

Gwaggo ta zauna a kan bokiti. Ba a taɓa kama ta da ƙazanta ba, yau ga shi tsafta za ta raba ta da aiki. Can ta ɗago.

"Abin nan, rai gare shi?"

"Rai gare shi, Inna."

"To biyo ni."

Ashe Gwaggo ba ta zuba bilic a kan datti mai kauri, ta ce ɓarna ce, sai ta fara kankarewa. Kuma ba ta fitar da jiƙaƙƙiyar shara sai ta tsane, don kada ta ɗiga mata a daɓe. Bayan ƙofa ga bokitai huɗu cike da dusa, fumfuna lafiya lau. Injiniya ta rungume ta, Gwaggo na cewa, "Sake ni, hannuna da wari."

Sai da suka ɗauraye tankunan sau bakwai kafin warin bilic ya fita, sannan suka mayar da dusar da fumfunarta ciki. Daga ranar Gwaggo ta zama mai reno. Ta yayyafa ruwa, ta rataya buhu a taga don rana, ta koyi wanke matata ta hanyar tura ruwa ta baya. Wanda duk ya doso ɗakin da maganin goge-goge, daga ƙofa take koro shi. A gida mahaifinmu ya samu abin tsokana.

"Yaya, an ce kin yi sababbin 'ya'ya, farare tas."

"Sun fi ka amfani. Su aiki suke, ba surutu."

Ranar da masu dubawa suka zo, Gwaggo na tsaye a lungu riƙe da tsintsiya, bakinta na motsi. Suka tari ruwa a kwalba, suka ɗaga sama, suka auna, suka yi rubutu. Babbansu ya gyaɗa kai. Da suka fita, Manaja ya leƙo ya ce, "Inna, sai gobe ko?"

"In Allah ya kai mu. Ka goge takalminka kafin ka shigo."

Har yau tana can, kwatar kuma ta daina gaya mata launin yadi. Amma a gida, burodi ya kuskura ya yi fumfuna, sai kwandon shara. In an tambaye ta dalili, sai ta ce wannan zaman banza take yi, waccan kuwa abokiyar aikinta ce.