Aina'u Mai Tambayar Ruwa

Duk wanda ya taɓa cin garau-garau a bakin ƙofar kamfanin fatun nan na Challawa ya san Aina'u, ya kuma san ba a cin shinkafarta a tashi salin-alin. Kafin ta zuba maka mai da yaji sai ta tambaye ka ruwan garinku. Ba tambayar gaisuwa ba, wadda za a ce yaya ruwa, ka ce ya yi gyara, kowa ya kama gabansa. Wannan amsar haushi take ba ta.

"Na san ya yi gyara," take cewa, ludayi a hannu. "Yaushe aka yi shi? In ka tona ƙasa, danshin ya kai ina?"

Sababbin ma'aikata sukan ɗauka ko hatsi take saye tana ɓoyewa. Timoti, mutumin Kagoro da ke kan injin matse fata, shi ya laƙaba mata Gidan Rediyo. A garinsu ruwa har gundurar mutane yake yi, amma shi ma bai tsira ba. Sai ta tsare shi da tambaya: me ya sa damina ke barin arewa ta daɗe a wajensu? Wa ya ce hadari ya riƙa tasowa daga gabas? Timoti ya ce shi fata aka ɗauke shi matsewa, ba gajimare ba.

Kaɗan ne suka san dalilin. An haifi Aina'u a wani ƙauye arewa da Babura. Aure ya kawo ta Panshekara, mijin ya rasu, ta kafa rumfar abinci, da ita ta aurar da 'yarta Atika. A ƙauye kuwa saura mahaifiyarta, Inna, ita kaɗai a gida da 'yar gonar gero a bayan danga, ga ciwon gwiwa. Kowace Sallah Aina'u sai ta roƙe ta ta dawo Kano, kowace Sallah amsar ɗaya ce.

"Muddin da hatsi a rumbuna, babu inda za ni. Shekarar da gona ta ƙi, ki aiko mota."

In kuwa Aina'u ta kira ta a wayar maƙwabta ta tambayi ruwa, tsohuwar nan ko ƙasa na tsagewa cewa za ta yi ya yi gyara. Shi ya sa Aina'u ta koma tatsar labari daga bakin masu cin abincinta.

Bana shukar farko ta ƙone a yankinsu, aka sake wata a makare. Satumba ta kama, geron Inna ya fitar da kai amma ƙwayar ba ta cika ba. Ana nan wata rana, jiniyar canjin aiki ta kaɗa, rumfa ta cika, sai 'yar rediyon da ke rataye a jikin ginshiƙi ta kawo hasashen masana yanayi. Suka ce mai yiwuwa ruwa ya ɗauke da wuri a can arewa kusa da iyaka, a kudu kuwa zai kai har Oktoba. Masu gona suka yi ta salati, wani ma ya ture kwanonsa.

Aina'u fa daɗi ta ji. Ba ta nemi jin daɗin ba, zuwa ya yi kamar atishawa, sai da ya wuce ta tsorata da kanta. Wace irin 'ya ce za ta yi murnar gonar uwarta ta ƙone? Ta yi istigfari ta ci gaba da zuba abinci. Amma da ta koma gida ta share tsohon ɗakin Atika tas, ta sa aka shafe shi da farar ƙasa, ta sayo katifa mai taushi ta jingine a bango ko ledarta ba ta cire ba.

Daga nan tambayarta ta ƙaru. "Timoti, su masu hasashen nan, in sun faɗa yana tabbata?"

"Maman Atika, ai cewa suka yi mai yiwuwa. Ke wanne kike so?"

Ta ce ya ci abincinsa ya ba mutane wuri. In ma'aikata sun yi addu'ar Allah ya ƙaro ruwa, da ita ake cewa amin, kuma har zuciyarta take faɗa. In ta shiga gida ta ga katifar, wata addu'ar ce ke zuwa bakinta, sai ta haɗiye.

Akwai Isyaku, mai ɗaukar jiƙaƙƙun fatu, wanda ƙauyensu ke maƙwabtaka da na su Aina'u. Ƙarshen wata ya je gida. Ran Litinin ta hango shi tafe da ƙunshi a hammata, ta bar mai sayen abinci tsaye da kwano.

"Yaya ruwa?"

"Ya yi gyara, Yaya."

Ta ɗaga ludayi kamar za ta kwaɗa masa. Ya yi dariya ya ja baya. "Wallahi da gaske nake. Ya ɗauke kamar yadda aka faɗa, har mun fid da rai. Sai ran Alhamis ɗin waccan aka kwarara guda ɗaya mai ƙarfi, danshi har gwiwar hannu. Tun daga shi ko ɗigo, amma geron Inna ya cika." Ya kwance ƙunshin, ga kawunan sabon gero jere. "Ta ce ki gasa tumu. Ta ce kuma in gaya miki bana ma ba sai an aiko mota ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Aina'u. Ta murza kai ɗaya a tafin hannu, ƙwaya ta zubo ɓul-ɓul. Murna ta kama ta, baƙin ciki ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara yi. Ta ɗora kawunan a kan garwashi, ƙamshin tumu ya danne warin fata, ma'aikata suka yi ta miƙo hannu.

Sai da rumfa ta yi sauƙi ta yi wa Isyaku tambayar da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Da ka same ta a gonar, a tsaye take?"

Isyaku ya sunkuyar da kai. "A zaune, Yaya. Jan jiki take daga kunya zuwa kunya, tana tanƙwaro karan tana yanka."

Ran Asabar masu aikin safe suka tarar da rumfar a rufe, tukwane a kife. Timoti ne ya ba su labari, don shi ya taya ta kai kaya tasha. Ya ce da idonsa ya ga an ɗaure katifar a saman motar Babura, har yanzu da ledarta. Aina'u na zaune a bayan direba, mota ba ta ko tashi ba ta fara tambayarsa ruwan garinsu.