Gilashin da Ke Tsakanin Kwandasta da Fasinja

"Na ce ka cire shi!"

"Ba zan cire ba. Kai ka yanka?"

"Kai yaro, ni kake mayar wa magana?"

Nas ta ajiye dutsen guga ta kasa kunne. Bangon da ya raba ɗakinta da na maƙwabtanta siriri ne, ko cokali ya faɗi sai ta ji. "Yaron" da ake yi wa tsawa shi ne Mai Gilashi, ɗan shekara sittin da bakwai, kansa fari fat. Mai tsawar kuwa yayansa ne, Tsohon Direba, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar bara, ƙanen ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinsa.

Ba gulma ce ta tsayar da gugar ba. 'Yar Direban, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta roƙe ta ta riƙa sa mata kunne. "Anti, in Baffa yana ɗaga masa hankali ki gaya mini, in zo in tafi da ubana." Yau kwana tara ana wannan faɗa, kuma jiya ta ga an fito da kwanon tsohon ko rabi bai ci ba. Waya ɗaya za ta buga, ranar Asabar mota ta zo ta ɗauke shi.

Ta ɗauki abin awon jini don ta sami dalilin shiga.

Babu wanda bai san Mai Gilashi ba a layin. Rabin tagogin unguwar hannunsa ne. Yana da shekara goma sha uku ubansu ya rasu, Yaya ya cire shi daga makaranta ya kai shi shagon gilashi, ko shawararsa bai nema ba. Bai taɓa cewa ya yafe ba, bai kuma taɓa cewa bai yafe ba. Ya dai koyi aikin har ya fi maigidansa: ya auna sau biyu, ya ja layi sau ɗaya, ya ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, gilashi ya rabu ƙas. Yatsunsa duk tabo ne. Da matarsa ta rasu, ga shi Allah bai ba su haihuwa ba, sai ya rufe shago, ya tattara ragowar gilasai ya haɗa tankin kifi a falo, ya zuba gupi, 'yan kifayen nan da ba su kai ɗan yatsa ba, masu wutsiya kamar mafici.

Maza kawai ya saya, guda huɗu. Ya ce su ne masu launi, matan kuma haihuwa za su yi ta yi su cika masa ruwa. Sati bai zagayo ba ɗaya ya zama sarkin tanki, yana korar sauran yana yagar musu wutsiya. Ya kwashe shi ya mayar wa mai shagon kifi. Washegari na biyu ya hau kujerar. Shi ma ya mayar. Saura biyu: wani ja mai ƙirji, da wani shuɗi da wutsiyarsa ta koma kamar tsumma. Direba ne ya raɗa musu suna, Kwandasta da Fasinja.

Sai Mai Gilashi ya yi abin da ya iya. Ya ɗauko awo, ya yanka gilashi daidai faɗin tankin, ya zura a tsakiya.

Nas ta durƙusa ta duba. Aikin ya yi kyau, kyan da ya ɓata shi ke nan. Gilashin garau yake, sai ka sa ido sosai za ka san yana nan. Kwandasta ya wuni manne da shi, ya buɗe fikafikai, ya lanƙwasa jiki, yana kai masa karo. Fasinja ya laɓe a kusurwa, launinsa ya kwaranye, abinci na yawo a kansa bai ko ɗaga kai ba.

"Kin gani ko, 'yata?" in ji Direba, bakinsa a karkace amma maganar tana fita. "Ya raba su... ya bar musu ido. Wawan aiki."

"Ina wuni, Baba. Miƙo hannun."

Jinin ya ɗan hau, ba na tashin hankali ba. Ta naɗe kayanta, ta bi Mai Gilashi kicin inda ya shiga ɗora shayi.

"Baba, kai ma ka san gilashin nan bai raba komai ba."

Ya ci gaba da ɗauraye kofin da ya riga ya fita. "Na sani tun kwana na biyu."

"To?"

"Wata bakwai yana kallon bango, 'yata. Ruwa ma da ido yake nema. Ranar da na sa gilashin nan ya dube ni ya ce wawa. Kalma cikakkiya! Na shigo nan na yi kuka. Jiya kuwa ya dafa kujera ya miƙe da ƙafarsa, wai zai cire da kansa. Me zai sa in cire?"

Nas ta yarda da shi. Amma kwana tara tana jin muryarsa ta bango, kuma ta san muryar mai ba da magani, ta san ta mai ramuwa.

"Kuma kana jin daɗin ce masa a'a."

Ya ajiye kofin. Ya daɗe yana shafa tabon babban yatsansa.

"Shekara hamsin da huɗu ban taɓa faɗa masa ba," ya ce. "Eh. Kaɗan."

"Jiya bai ci abinci ba. Shekaranjiya ma. Kuma 'yarsa ta ce in gaya mata gaskiya."

Nan ta ga tsoro ya sauko masa, irin na mutumin da ya san yadda ɗakin nan yake in ba kowa. Bai roƙe ta ba. Ya fita falo, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu a ruwa ya zaro gilashin.

Kwandasta bai ɓata lokaci ba, ya bi Fasinja da gudu.

"To ga shi nan, Yaya. Na cire. Yanzu ya kashe shi hankalinka ya kwanta."

"Ƙaro wasu."

"Me?"

"Ƙaro, na ce! Shekara talatin ina jan bas. In mutum biyu ne a ciki, duk haushin kwandasta a kan ɗaya yake ƙarewa. In ta cika... wa zai bi, wa zai bari?"

"Kifi fa, Yaya, ba bas ba."

"Je ka tambaya, mai taurin kai."

Ya je. Mai shagon kifi ya ce tsohon ya yi daidai: maza kaɗan sun fi cutar juna, a kai su bakwai, a dasa ciyawar ruwa mai duhu yadda wanda aka kora zai ɓace wa ido. Mai Gilashi ya dawo da leda biyu, fuska a murtuke. Direba ya yi dariyar da ta sa shi tari.

Nas ba ta buga wayar ba. Ta ba su sati guda a ranta, ba ta gaya wa kowa ba. Abin da ta yi kawai, ta tsaya wurin wanzamin bakin layi da wani tsohon ma'aikacin gidan waya, ta ce akwai masu cika baki a gidan nan wai babu mai cin su a karta. Tun daga ranar, bayan la'asar, muryoyi huɗu take ji ta bango. Faɗan bai mutu ba, ya dai rarrabu. Wanzamin ma yana samun rabonsa, don yana leƙen karta.

Ranar Alhamis ta koma da abin awon. Kwandasta yana nan da halinsa, ya bi wannan ya sake shi ya bi wancan, har ya gaji ya tsaya yana huci a bayan ciyawa. Fasinja ya fito saman ruwa yana tsintar abinci. Gefen wutsiyarsa ya fara tohowa, fari-fari. Gilashin kuwa yana jingine a bayan kujera, a goge. Ta gan shi, Mai Gilashi ya ga ta gani.

Ya rako ta bakin ƙofa.

"Baba, yau 'yar yayanka za ta kira. Me zan ce mata?"

Daga ciki Direba ya ɗaga murya: "Kai yaro, shayin nan ruwan wanka ne?"

Mai Gilashi ya riƙe ƙofar, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

"Ki ce ta zo ranar Asabar ɗin ta ji da kunnenta. Yau sau uku ya zage ni, kuma ya cinye kwanonsa tas. Ta zo da mijin da yaran duka, akwai wuri."