Kambin Direba

Evtim maƙwabcina ne, tsohon direban bas. A da, duk ƙarshen hunturu shi ke kwasar mutanen unguwarmu zuwa garin Melnik bikin Waliyyi Trifon, ranar da ake yanke rassan farko na kurangar inabi, a tsiyaya mata giya a gindi don shekara ta yi albarka. Kowa ya sha ya yi tatul, shi kuwa yana jingine da motarsa, hannu a aljihu, ko ɗigo bai taɓa kai wa bakinsa ba. Mukan tsokane shi da Waliyyi na biyu.

A nan matarsa Gergina ta tsince shi tana budurwa. Ta saƙa kambi da rassan da babanta ya yanke, ta wuce samari masu tangaɗi, ta ɗora wa wanda ke tsaye shi kaɗai. Bayan sun yi aure ma ba ta fasa ba, kowace shekara sai ta ɗora masa.

Sai tsufa ya zo mata da ciwon mantuwa. Ta manta hanyar kasuwa, ta manta sunana, ni da muka shekara arba'in muna musu a kan wa ta fi iya gasa burodi. Daga bisani ta fara tambayar Evtim ko shi baƙon wa ne. Shi ke mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki, ita kuwa tana yi masa godiya irin ta baƙo.

Bana ya ce zai kai ta bikin. "Velika, in ta ga kurangar nan za ta gane ni," in ji shi.

Na ce, "Kai dai taurin kai zai kashe ka. Cikin sanyin nan?" Amma na bi su, muka shiga bas ɗin wani matashin direba. Wa zai riƙe mata jaka?

Mun tarar da dusar ƙanƙara ta rufe tuddai, ana ta kaɗe-kaɗe, ƙamshin gasasshen nama ya cika gari. Aka yanke rassa, aka tsiyaya giya. Gergina ta sunkuya ta tsinci rassan, yatsun nan da ba sa iya ɓalle maɓalli suka hau saƙa kamar jiya ta bari. Evtim ya damƙe hannuna.

Ana cikin haka wani tsohon abokinsa ya tura masa kofi. "Haba Waliyyi, yau dai ba kai ke tuƙi ba! Sha, kafin mu mutu ba mu ga wannan rana ba." Aka yi ta shewa. Murna ta ɗebe shi, ya kafa kai.

Gergina ta miƙe da kambinta. Ta dube shi, ta dubi kofin da leɓensa da giya ta rina ja, ta wuce. Can bakin hanya direban da ya kawo mu na jingine da bas, hannu a aljihu. Ta yi ɗage ta ɗora masa a kan hula.

Evtim ya bi ta da sauri. "Gergina, ga ni nan. Ni ne fa."

"Bawan Allah, koma wajen mashaya 'yan'uwanka," ta ce masa a hankali. "Mijina ba ya sha ranar Trifon."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba, kuma har yau ina jin haushin mai kofin nan.

A hanyar dawowa ta zauna gaba, kusa da direba, tana murmushi. Da muka iso, direban ya cire kambin a kunyace ya miƙa wa Evtim. Evtim ya girgiza kai.

"Mayar da shi kanka, ɗana," ya ce. "Tana kallo."