Kalmar da Lazar Ya Aro Daga Bakin Matarsa

Lazar Masih bai taɓa mallakar gona ko taki ɗaya ba, amma shekara hamsin ya yi yana yankan alkamar mutane a wani ƙauye na gefen birnin Siyalkot, yana yi musu ban ruwa, yana wanke musu ɓauna. Gidansa na can ƙarshen gari, a unguwarmu ta Kirista, inda ruwan kwatar kowa yake gangarowa ya kwanta. Ɗaki biyu ne na laka, da darbejiya guda, da gadon igiya a ƙarƙashinta. Bai yi karatu ba. In aka miƙa masa takarda sai ya jujjuya ta ya ce a kai wa fasto. Duk da haka, a ikilisiyar nan kaf babu wanda ya kai shi haddar zabura, babu kuma wanda ya kama ƙafarsa wajen tsawon addu'a.

Tsawon addu'ar tasa har karin magana ya zama. In mace ta ɗora wake mai taurin kai, yara suka dame ta da tambaya, sai ta ce, "Sai Baba Lazar ya ce amin."

Dalilin kuwa, shi ba ya roƙo sai ya gama yabo. Ranar Lahadi, an tuɓe takalma a bakin ƙofa, maza na zaune gefe guda a kan tabarma, mata gefe guda da mayafai a ka, sai ya ajiye cimtarsa, dogon awartakin nan mai kacau-kacau da ake kaɗawa a bi ganga, ya miƙe ya rufe ido.

"Kai ne mai sama, Kai ne mai ƙasa. Kai ka shata wa kogin Canab hanya, bai ce maka don me ba. Kai kake ciyar da tururuwa a raminta ba tare da ta yi maka noma ba."

Haka zai yi ta jerowa, daga rana zuwa wata, daga alkama zuwa rake, har ƙafafun mutane su yi sanyi. Roƙon shi kansa bai fi numfashi uku ba.

Gulzar tela, abokinsa tun suna yara, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Lazar, Allah fa ya san aikinsa. Ba sai ka riƙa karanta masa duk mako ba, kamar wanda ya manta."

"Kai in ka je gidan Caudari mai gona neman buhun alkama, daga bakin ƙofa kake ihu a ba ka? Ba sai ka gaishe shi ba, ka yabi ɓaunarsa, ka yabi gashin bakinsa?"

"Ai wannan fadanci ne."

"To ka gani. Ka yi wa mutum na ƙarya ba ka gaji ba. Ga wanda duk abin da na faɗa a kansa gaskiya ne, shi zan yi wa rowa?"

Da kalma biyu yake rufe kowace addu'a: teri marzi. A bakin mutanenmu maganar nan fuska biyu gare ta. In ka sunkuyar da kai ka faɗe ta, ma'anarta sai abin da ka nufa, ya Ubangiji. In kuwa mace ta faɗe ta tana dangwarar da tukunya, to yadda ka ga dama ke nan, je ka yi, ni dai na faɗa maka. Matarsa Sosan Bibi gwana ce a ta biyun. Ya sayar da akuya ba da shawararta ba, teri marzi. Ya kwaso baƙi ba gari a gida, teri marzi. Takan ce a gaban mutane, "Ni fa na koya masa addu'ar nan, murya kawai ya sake mata."

Shekara goma sha ɗaya da aure, da ƙananan kaburburan 'ya'yansu uku a bayan coci, kafin ɗansu Shama'un ya zo ya zauna. Daga ranar sunayensu suka ɓace a bakin juna. Ita ta koma uwar Shama'un, shi ya koma baban Shama'un.

Yaron ya tashi dogo, mai yawan dariya, ba ya son lauje. Da ya kai ashirin da biyu ya ce zai tafi birnin Lahor neman aiki. Sosan ta ce ba inda za shi, ta san irin aikin da birni yake ajiye wa 'ya'yanmu. Lazar ya ce namiji ba a ɗaure shi da igiyar ɓauna. Ta dube shi, ta dubi yaron, ta ce, "Teri marzi," ta shige ɗaki.

Shama'un ya ce musu shara yake yi a wani ofis. Duk Kirsimeti yakan zo da yadi na uwarsa da takalmin uban, yana ƙamshin sabulu fiye da kima. Shekara huɗu ana haka. A damina ta biyar, wata safiya, aka bugo waya shagon Gulzar. Ashe ba ofis ba ne. Magudanar ƙarƙashin titi ce ta toshe, aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi, ba abin rufe hanci, ba komai, daga shi sai gajeren wando. Iskar ramin ta kama shi. Da suka ja igiyar, nauyi kawai suka jawo.

A bakin kabari Lazar bai yi kuka ba. Da aka gama tura ƙasa ya ɗaga kai ya ce, "Teri marzi." Mutane suka yi ta girgiza kai, suna cewa kun ga bangaskiya. Lahadin da ta biyo baya fasto ya yi wa'azi a kansa, ya ce kowa ya koyi haƙuri wurin Baba ji, yadda ake kiran Lazar don girmamawa. Lazar na zaune a wurinsa, idonsa a kan tabarma. Cimtar kuwa tana rataye a reshen darbejiya, ruwa na dukanta, ta fara tsatsa. Aka ce makoki ne, zai wuce.

Saura kwana uku a yi addu'ar arba'in fasto ya zo gidan. Matashi ne, mai kirki, bai daɗe da zuwa ba.

"Baba ji, ku za ku yi mana addu'a ranar. Jama'a suna bukatar jin muryarku."

"Padri sahib," in ji Lazar, don haka muke kiran fasto, "ga dattawa nan da yawa."

"Babu kamarku. Ku yabi Ubangiji kamar yadda kuka saba, waɗanda zuciyarsu ta karye su ji su tashi."

Lazar ya ce to, don bai iya musu da fasto ba. Amma ya san abin da ke cikinsa. Tun ranar wayar nan yake buɗe baki ya nemi yabon, sai ya tarar da wurin wayam, kamar rumbun da ɓera ya gama da shi. Kalmomin suna nan, bai manta ko ɗaya ba. Zai iya miƙewa ya jero su, kowa ya ce amin. Sai dai in ya yi haka ya mai da Allah Caudari ke nan, ya yi masa fadanci. In kuma ya ƙi tashi, ya tabbatar wa kansa abin da yake tsoro, cewa ya bar gidan Ubangiji tuntuni, ƙafarsa ce kawai take zuwa.

Washegari da hantsi Sosan na tsugune tana kwaɓa garin gurasa, shi yana bakin gado yana kallon hannunsa.

"Uwar Shama'un," ya ce, sai ya tsaya, don sunan ya yi masa nauyi a baki. "Ba ni da abin da zan faɗa jibi."

Ba ta ɗago ba. "Na sani."

"Kin san me?"

"Na ji ka a bakin kabari. Su sun ji waliyyi. Ni muryata na ji. Ka aro ta ba ka ko tambaye ni ba."

Can ya ce, "To kin ga. Mutum ya yi wa Mahaliccinsa irin wannan magana, saura me? Na fita ke nan."

Ta juya ƙullun, ta danna shi da dunƙulen hannu.

"Baban Shama'un, shekararmu talatin da takwas. Sau nawa na ce maka teri marzi?"

"Wa zai iya ƙirgawa?"

"Sau nawa ka dawo daga gona ka tarar ba gurasa?"

Ta yayyafa wa ƙullun ruwa, ta ci gaba.

"Ranar da ka ce a bar shi ya tafi na faɗa maka ita. Kana tsammanin na huce? Ban huce ba, tsoho. Ban san ranar da zan huce ba. Ga shi kuma naka nake kwaɓawa." Ta share ido da bayan hannu, gari ya shafe mata kunci. "Macen da za ta bar gida ba ta tsayawa faɗin teri marzi. Ƙullin kayanta take yi."

Ranar arba'in aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka ɗora babbar tukunyar shinkafa. An yi zabura biyu, ganga kaɗai ba cimta. Fasto ya ce Baba ji zai yi addu'a. Mata suka gyara zama irin na wanda ya san za a daɗe.

Lazar ya miƙe ya rufe ido. Wani jariri ya yi kuka aka rarrashe shi.

"Kai ne mai sama," ya ce. "Kai ne mai ƙasa."

Ya sassauta murya ya ci gaba.

"Ƙarƙashin ƙasa ma naka ne. Ramin nan naka ne. Kana ciki sa'ad da suka zura shi, kana gani. Ba zan ce ba ka nan ba, don na san kana nan, kuma da ka ce wa iskar ta kauce da ta kauce. Ba ka ce ba. Ban san dalili ba, ba ka kuwa faɗa mini ba. Ya Uba, ban huce ba. Amma Kai ne Sarki, ba wani, ni kuma ba ni da wani gidan. Teri marzi."

Ya zauna.

Fasto ya buɗe ido yana duban dattawa, dattawa na duban ƙasa, ba wanda ya san ko irin wannan ana ce mata amin. Daga ɓangaren mata murya ɗaya ta fito, busasshiya, "Amin." Ta Sosan ce. Sannan sauran suka bi, ɗaya-ɗaya.

Wajen cin abinci Gulzar ya matso kusa da shi da farantinsa.

"Yau dai ka tausaya mana, ko shinkafar ba ta huce ba," ya ce. Ya so ya yi dariya, sai ta ƙi fitowa, ya kau da kai.

Lazar ya yi shekara shida bayan wannan. Da kakar alkama ta zagayo ya sauko da cimtar, ya goge tsatsar da toka, ya koma wurinsa kusa da mai ganga. Addu'arsa dai ba ta ƙara tsawo ba. Yakan faɗi abu biyu ko uku da ya tabbata a ransa ranar, ya rufe da kalmarsa, ya zauna. Yaran da aka haifa daga baya ba su gane abin da iyayensu mata suke nufi ba in an ɗora wake.

Wata rana matar fasto ta tambayi Sosan, tunda ita ce mai kunnen, wace teri marzi ce Baba ji yake yi yanzu.

"Wata Lahadin wannan, wata Lahadin waccan," in ji ta. "Amma ai yana zuwa."

An binne shi kusa da Shama'un, a bayan coci, gefen da ruwa yake kwanciya da damina.